Ubangidan Mesnil da Iyalinsa Biyu

A cikin shekarar 1867 wani limamin Nasara mai suna Tollemer, wanda ya daɗe yana shugabancin makarantar garin Valognes a lardin Normandi na arewacin Faransa, ya ci karo da waɗansu tsofaffin kundaye a cikin tarin takardun wani gidan masu asali na wannan yanki. Da ya zauna ya yi ta fama da rubutun har ya gane kansa, sai ya tarar abin da ke hannunsa littafin lissafi ne na wani basarake da ya rasu kusan shekara 300 kafin wannan rana, mai suna Gilles Picot, wanda aka fi sani da sunan ƙasar kakanninsa, watau Gouberville. Daga baya aka sami wani kashi na kundayen a wani gida dabam, aka buga su a 1892 da 1895, abin da ya tsira duka kuwa ya kama daga 1549 zuwa farkon 1563. Mutumin nan bai ci gari da yaƙi ba, bai wallafa littafin hikima ba, bai taɓa zama na hannun daman sarki ba, kuma da ɓeraye da danshi sun yi wa takardunsa abin da suka yi wa na dubban takwarorinsa, da yau babu mai sanin an yi shi. Amma da yake ba ya barin rana ta wuce bai rubuta inda ya je ba, da wanda ya zo gidansa, da abin da ya saya, da nawa ya biya, sai ga shi masana tarihi sun san cikin gidansa fiye da yadda suka san cikin gidajen waɗansu manyan zamaninsa masu suna.

Galibi in an ambaci basaraken Faransa, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne fadar Versailles, da tufafin alharini, da gashin aro mai farin gari, da fadawa suna rige-rigen miƙa wa sarki rigarsa da safe. Wannan duka sai bayan fiye da shekara 100 ya zo, a zamanin Louis na 14, kuma ko a sa'an nan kaɗan ne daga cikin masu asali suka taɓa taka wannan fada. A zamanin da muke magana masu asali ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba, mafi yawansu kuwa a ƙauye suke zaune, a tsakiyar gonakinsu, da taɓo a takalmansu. Gilles, wanda aka haifa wajen 1521, irinsu ne. Gidansa yana Mesnil-au-Val, ƙauye ne kusa da tashar jiragen ruwa ta Cherbourg, a cikin wani tsinin ƙasa da ake kira Cotentin wanda ya kutsa cikin tekun da ya raba Faransa da Ingila, ƙasa mai yawan ruwan sama da hazo, gonakinta ƙanana kewaye da shingayen itatuwa, ga kuma babban dajin Brix, wanda yake mallakar sarki ne, ya zo har bakin gonakinsa.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan ma'anar asali a wurin mutanen nan, gama a kanta dukan sauran al'amarin ya rataya. Jama'ar Faransa kashi uku ce a bisa ƙa'idarsu: malaman majami'a masu addu'a, da masu asali masu yaƙi, da sauran talakawa masu aiki da biyan haraji. Mai asali ba ya biyan babban harajin da ake kira taille, bisa hujjar cewa shi da jininsa yake biya ranar da sarki ya yi kiran yaƙi. Yana da ikon rataya takobi, da yin farauta, da gina ɗakin tattabaru, da zama a kujerar gaba a majami'ar ƙauyensa, a kuma binne shi a cikinta. Amma akwai sharaɗi mai nauyi, cewa in ya buɗe kanti, ko ya kama sana'ar hannu, ko ya yi noman haya a gonar wani, asalinsa ya zube, sai a rubuta sunansa cikin masu biyan haraji. Noman ƙasarsa ta kansa ba ya zubar da shi, hakanan, abin mamaki, sana'ar narka gilashi, wadda waɗansu masu asali suke yi a dajin Brix ɗin nan. Ƙofar shiga kuwa ba a kulle take ƙam ba, in da kuɗi da haƙuri: Montaigne, marubucin nan da ya shahara, wanda ya rayu a zamani ɗaya da Gilles a can kudu, kakan mahaifinsa attajiri ne mai fataucin kifi da ruwan inabi a Bordeaux, ya sayi ƙasar Montaigne a 1477, zuriyarsa suka janye hannu daga kasuwa sannu-sannu har aka daina ambaton kifin. Saboda haka ne sarakuna suka riƙa aiko masu bincike jifa-jifa, kamar wanda aka yi a Normandi a 1463, su tambayi kowane gida hujjar nasabarsa, domin kowane mai asali na ƙarya haraji ne ya ɓace wa baitulmali. Shi kansa Gilles akwai ranar da ya wuni yana tonon akwatuna yana neman tsofaffin takardun da za su tabbatar da asalin gidansu. Asalin da ake cewa a cikin jini yake, ashe in rana ta ɓaci a cikin akwati ake nemansa.

Littafin nasa na kuɗi ne tun farko, kuma har ƙarshe bai rabu da wannan hali ba. Kuɗin zamanin livre ne, wanda yake sou 20, kowane sou kuma denier 12, ga shi kuwa ba ya raina ko da denier ɗaya: kuɗin kyandir, kuɗin ƙusa, ladan wanda ya yi wa doki takalmi, sadakar da ya bai wa almajiri a ƙofar majami'a, abin da ya sha a masauƙi a Valognes, duka sai ya rubuta a gefe. Shekararsa tana farawa ran 25 ga Maris, bisa tsohuwar al'ada, gama sai da dokar 1564 ta fito aka mai da farkon shekara 1 ga Janairu. Ranaku masu ɗimbin yawa ya kan buɗe su da faɗin cewa bai fita daga gida ba, sa'an nan ya bi da jerin ayyukan da za su gajiyar da ƙato: ya sa an kwashe duwatsu daga wata gona, ya tsaya a kan masu yankan ciyawa har faɗuwar rana, ya kai mutane gyaran maniƙarsa ta ruwa, ya aika a nemo wata saniya da ta ɓace a daji. Abin da yake nufi da gida, watau, ya haɗa da gonaki da makiyaya da duk inda muryarsa ke kaiwa.

A madafa rayuwar gidan take. Nan ne babban murhu yake, nan ake ci, nan yake karɓar manoman da suka kawo kuɗin hayar ƙasa ko kaji a madadinsa, nan kuma ake hira da dare, ubangida da barori a ɗaki ɗaya, ko da yake kowa ya san mazauninsa. Wata rana a cikin Fabrairu 1555 ruwan sama ya koro mutanensa daga gona, sai aka wuni a gida, da maraice ya ɗauko littafin Amadis, tatsuniyar jarumai da aka juyo daga harshen Sifen zuwa Faransanci tun daga 1540, ya karanta musu suna saurare. Ran Lahadi kuwa bayan an fito daga majami'a a kan yi kokawa, ko wani wasan ƙwallo na ƙauye da ake kira choule, wanda ba shi da wata ƙa'ida ta kirki sai ture da gudu, limami da basarake da talaka duka a cakuɗe. A ranar Kirsimeti ta 1555, ana cikin wannan wasa, amintaccensa Cantepye ya zo a guje ya bangaje shi a ƙirji da dunƙulen hannu har magana ta ɗauke masa, aka kai shi gida da ƙyar, ya yi kwanaki yana jinya. Ya rubuta wannan kamar yadda ya kan rubuta farashin gishiri, babu fushi, babu maganar an ci mutuncin sarauta. Wanda kuwa ya san yadda jikokin irin waɗannan mutane suka zama a ƙarni na 18, da nisan da suka sa tsakaninsu da talakawansu, zai ga lalle an yi tafiya mai tsawo.

In akwai abin da zuciyarsa ke so a fili, to, itatuwan tuffa ne. Yana da iri-iri masu yawa, kowanne da sunansa, da hannunsa kuma ya kan yi musu aure, watau ya yanko reshen mai daɗi ya ɗaura a kan kututturen mai ƙarfi, ya kan kuma aika a karɓo masa rassa daga gonakin abokai, shi ma ya aika musu da nasa. Normandi ba ƙasar inabi ba ce, saboda haka ruwan tuffa da aka matse aka bari ya yi tsami shi ne abin shansu na yau da kullum, shi ake bai wa lebura a gona, mai kyaunsa kuma a aika wa marar lafiya da maijego a matsayin magani. Ran 28 ga Maris 1553 ya ambaci dafa wannan ruwa a tukunya a tara tururinsa, kuma wannan shi ne ambato mafi daɗewa da aka sani na barasar tuffa ta Normandi, wadda yanzu ake kira Calvados. Masu sayar da ita sun riƙe sunansa ƙam saboda wannan layi guda, alhali shi mutumin ya fi damuwa da alkamarsa da aladunsa. Wajen shuka ma ba ya ƙin jin ta bakin masu hisabi, gama a 1558 ya fara shukar alkama a ranar da kalandar Nostradamus, mai duban taurarin nan, ta ce tana da sa'a.

Ya gāji wani muƙami daga mahaifinsa, na mataimakin mai kula da dazuzzuka da ruwayen sarki a yankin Valognes, aikinsa ya hana satar itace, ya sayar da haƙƙin kiwo, ya ci tarar masu laifi. A wancan zamani muƙami dukiya ce da ake saye, a sayar, a gada, tun da Sarki François na 1 ya buɗe ofishi musamman na sayar da muƙamai a 1522 don ya sami kuɗin yaƙe-yaƙensa na Italiya. Dajin kuwa rumbu ne ga mai tsaronsa: dawakansa da shanunsa a can suke yawo sake har su zama kamar na jeji, sai an tara mutane da yawa kafin a kamo su, aladunsa kuma da kaka a can suke ƙiba da 'ya'yan itatuwa, in kyarkeci bai riga shi ba. Sau ɗaya ya yi yunƙurin hawa sama. A farkon 1556 ya ɗaure kaya ya tafi Blois, inda Sarki Henri na 2 yake da fadarsa a lokacin, yana neman a ɗaga shi zuwa babban muƙamin daji. Ya yi makonni yana bin ƙofofi, ya kalli wasannin fada, har ya yi sabo da waɗansu ma'aikatan madafar sarki, kuɗinsa suka yi ta zurarewa, daga ƙarshe ya komo Mesnil hannu rabbana, ya koma kan tuffarsa. Yaƙi kuwa, wanda shi ne hujjar asalin nasa duka, bai nuna wani ɗokinsa ba ko kaɗan.

Abin da ya maye gurbin yaƙi a wurinsa shari'a ce. Mutanen Normandi sun yi suna a Faransa duka wajen son ƙara, shi ma bai ba da kunya ba: yau yana Valognes, gobe Bayeux, wani lokaci har Rouen inda babbar kotun lardin take, a kan iyakar gona, ko bashi, ko gādo, shari'a ɗaya ta yi shekaru ana jan ta. Kafin zama kuma sai an kai gaisuwa, zomo ga wannan lauya, fakara ga wancan alƙali, ɗan akuya, naman barewa da aka gasa a cikin ƙullun alkama, wani lokaci curin sukari, wanda abu ne mai tsada sa'an nan. Yana rubuta waɗannan a fili tare da sauran kashe-kashen kuɗinsa, alamar bai ɗauke su rashawa ba. Mai karatu dai yana da ikon ya riƙe nasa ra'ayi.

To, sai mu zo ga iyali, inda littafin ya fi daɗi, ya kuma fi ban tausayi. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, mahaifinsa Guillaume kuwa ya rasu a 1544, ya bar 'ya'ya iri biyu: na aure, maza da mata, waɗanda Gilles ne babbansu, da waɗanda ya haifa ba da aure ba. Al'adar Normandi, wadda take da ƙarfin doka, aka kuma sake rubuta ta a 1583, ta tsara gādo ta yadda ƙasa ba za ta fita daga zuriya ba. Babban ɗa shi ke zaɓen ƙasa mafi daraja tun kafin a raba. 'Ya mace ba ta gādon ƙasa muddin tana da ɗan'uwa namiji, iyakarta a yi mata kayan aure daidai da darajar gidan, kuma duk yawan 'yan matan abin da za su samu gaba ɗaya ba ya wuce sulusi. Ƙasar da mutum ya gāda daga kakanni ba shi da ikon yin wasiyya da ita, dole ta koma ga dangin da ta fito daga wajensu. Ɗan da aka haifa ba da aure ba kuwa ba shi da gādo sam, an ma hana uban ya ba shi wani yanki na ƙasar gādo, sai dai kuɗi ko kayan ɗaki. Wanda ya karanta babin gādo a fiƙihu zai ga bambancin nan da nan, domin a shari'ar Musulunci 'ya tana da rabonta ƙayyadadde ko da 'yan'uwa maza goma gare ta, babba ba ya fin ƙarami, ɗan zina kuma, ko da ba ya gādon wanda ya yi cikinsa, yana gādon uwarsa.

Abin lura shi ne waɗanda doka ta sani ba su ne ke zaune da shi ba. Ƙannensa na aure sun watse, kowa da inda rabo ya kai shi; da ƙanensa François, mai ƙasar Sorteval, zaman nasu na ɗari-ɗari ne, dukiya tana shiga tsakani; ƙanwarsa Renée, wadda ta auri ubangidan Saint-Nazer, ita ce yake ƙauna a fili, in ta kwanta ciwo ya kan hau doki ya je. Waɗanda suke kwana da shi a gida ɗaya, suke ci a teburinsa, su ne 'ya'yan uban nasa na waje, musamman Symonnet da Guillemette. Guillemette tana cikin masu riƙe da harkar cikin gida, daga baya ta auri Cantepye ɗin nan da ya bangaje shi, wanda shi ne wakilinsa a kotuna da kasuwanni. Symonnet kuwa inuwarsa ne: da wuya a juya shafi ba a ga sunansa ba, shi ne maharbin gidan, shi ake aika wa da saƙon da ba a ba kowa, shi ke raka shi tafiya, in ya yi rashin kunya ya sha mari, gobe kuma a gan su tare a daji. A 1558, Faransa na yaƙi da Ingila, shekarar da Faransawa suka ƙwace Calais, Symonnet ya bi wani kyaftin mai suna Malesart suka kai hari tsibirin Aurigny, wanda ke ƙarƙashin sarautar Ingila, aka kwaso dabbobi ganima. Matsayin irin su Symonnet a wancan ƙarni abin mamaki ne, gama ba a ɓoye su, a gidan uba suke tashi, in uban mai asali ne ya kuma amsa su ana lissafa su cikin masu asali, su rataya takobi, ba sa biyan haraji. Amma ko taƙi ɗaya na ƙasar da suke wa wahala ba za ta zama tasu ba har abada, ci da shansu da sutura duka suna rataye ga alherin babban wa.

Shi kansa Gilles bai yi aure ba, abin da yake baƙo ne ga babban ɗa mai ƙasa, wanda farillarsa ta fari ita ce ya bar magāji. Maimakon haka sai ya bi sawun mahaifinsa, ya haifi 'ya'ya mata ba da aure ba. Littafin da ke faɗin kuɗin kyandir ba ya buɗe baki sosai a kan wannan. In ya zo ga abin da ba ya son idon gida ya gani, sha'anin mata, ko cikin da wani na gidan ya yi wa wata yarinyar ƙauye, ko wani kuɗi na asiri, sai ya rubuta kalmomin Faransanci da haruffan Yunananci, kamar dai yadda ake rubuta Hausa da ajami, illa shi nufinsa a kasa karantawa. Wannan ya nuna abu biyu, cewa ya yi karatu gwargwado, da kuma cewa a gidan akwai waɗanda suka iya karatu har yake jin tsoron idonsu. Ba shi da kyau a yi wa wannan fage kwalliya: matan nan 'ya'yan manomansa ne da barorinsa, mutanen da abincinsu ke hannunsa, kuma kusancin nan na ubangida da talaka da muka yaba a fagen ƙwallo, ga ɗaya fuskarsa.

Akwai kuma baffansa Jean, limami ne, mai ƙasar Russy kusa da Bayeux, tsoho mai dukiya marar magāji na cikinsa, wanda Gilles ya yi shekaru yana zirga-zirga wurinsa, yana yi masa hidima, yana haƙuri da halinsa. Da ya rasu a 1560 Russy ta faɗo hannun Gilles, tare da rabon gādo da ja-in-ja da 'yan'uwa, daga nan kuma ya raba zamansa tsakanin Mesnil da Russy.

Barori ana ɗaukarsu shekara-shekara ne, a kasuwannin da ke ci a watan Yuli, ladansu kuɗi kaɗan da takalma da yadin lilin. Ya kan doke su in sun yi sakaci, ya rubuta ya doke su, ba tare da jin ya yi wani abu ba. Amma in ɗayansu ya kwanta, ko wani manomi na ƙauyen, shi ne zai je dubiya, ya aika da ruwan tuffa da nama, ya duba rauni da kansa, ya sa a kai fitsarin majinyacin Valognes a cikin kwalba don likita ya duba launinsa ya faɗi cutar, a kira wanzami ya tsaga jijiya a zubar da jini. Shi ke sulhunta masu faɗa kafin su kai ga alƙali, shi ke ba da rancen iri, shi ake kira ya tsaya wa jariri ranar da za a yi masa wankan shiga addini. Duka da dubiya daga hannu ɗaya suke fitowa, mutanen ƙauyen kuma, bisa ga abin da littafin ya nuna, ba su da wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa in ba tasa ba.

Sai fitina ta zo. Henri na 2 ya mutu a Yuli 1559 daga raunin da ya samu a wasan sukuwa da māsu, a hannun Montgomery, wani basarake mai ƙasa a Normandi. Sarkin ya bar 'ya'ya ƙanana, mulki ya raunana, koyarwar Calvin kuma, wadda Furotesta suke bi, ta riga ta bazu a lardin, musamman cikin masu asali da masu sana'a na birane. Bayan kisan da aka yi wa Furotesta a Wassy ran 1 ga Maris 1562 yaƙin basasa ya tashi. A Bayeux Furotesta suka farfasa gumakan babbar majami'a. A Valognes, inda Gilles ya san kowa, Katolika suka kashe waɗansu Furotesta a watan Yuni, waɗancan kuma suka dawo suka rama a kan majami'u. Gilles, wanda da wuya ya yi fashin zuwa majami'a ran Lahadi in yana da lafiya, ya je ya saurari wa'azin sababbin malaman fiye da sau ɗaya a wannan shekara, kamar yadda da yawa daga maƙwabtansa suka yi. Littafin ya cika da alamun tsoro, ana kwashe akwatuna ana ɓoyewa, ana aika yara su jiyo labari, ana kwana da kunne ɗaya, ga Montgomery yana jan rundunar Furotesta, ga Matignon yana riƙe da lardin da sunan sarki.

A cikin wannan damina ne ya rubuta wata 'yar hira da ta fi kowace bayyana zuciyarsa. Suna tafe a gona ana zancen rikicin addini, sai wani magatakarda ya ce, cikin raha mai ɗaci, da za a bi shawararsa da sai a ƙago sabon abin bauta wanda ba na wannan ɓangare ba ne ba na wancan ba, a huta. Gilles ya amsa masa, da Latin ya fara, cewa Allah ɗaya ne tun azal, madawwami, mutane kuwa ba su da ikon ƙago alloli tun da su mutane ne kawai. A cikin shekara 13 da ɗoriya na lissafin aladu da ƙusoshi, wannan na cikin wurare ƙalilan da ya faɗi abin da ya gaskata. Kafin shekarar ta ƙare, da ya ga inda ƙarfi ya karkata, ya je Valognes ya shaida a gaban mahukunta cewa a kan tafarkin majami'ar Roma yake, bisa ga dokokin sarki. Symonnet kuwa ya shiga rundunar Matignon. Wanda ya so ya kira wannan tsoro yana da hujja, sai dai mutumin da ke da gidaje da gonaki a wurare uku, da bakuna masu yawa da ke ci daga hannunsa, ba shi da sauƙin yin shahada kamar wanda ba shi da kome sai takobinsa.

Kundayen da suka tsira sun tsaya a Maris 1563, shi kuwa ya ƙara shekara 15 a duniya, ya ga kisan da aka yi wa Furotesta a daren Saint-Barthélemy na 1572 daga nesa, ya ji an kama Montgomery a Domfront a 1574 an kai shi Paris an sare kansa. Ya rasu a Mesnil ran 7 ga Maris 1578. Da yake bai bar ɗa na aure ba, ƙasashensa suka bi hanyar da al'ada ta shata, suka tafi ga dangi na halal, suka shiga gidaje masu wani suna; Symonnet, da Guillemette, da 'ya'yan cikinsa mata, doka ba ta ba su kome a ciki ba. Bayan shekara 22, a Maris 1600, Sarki Henri na 4, wanda shi kansa ya haifi 'ya'yan waje da dama ya kuma ɗaukaka su, ya fitar da doka a kan haraji, a cikinta ya hukunta cewa daga ranar 'ya'yan da ƙananan masu asali suka haifa ba da aure ba sun daina shiga lissafin masu asali, sai wanda ya sami takardar sarki ta musamman, sauran kuwa a rubuta su a kundin haraji tare da manoman ƙauyensu.